Tarihin Zoben Baiko: Wa Ya Ce Sai da Lu'ulu'u, Kuma Me Ake Dubawa Kafin a Saya?

Mai karatu, ko ka lura da yadda hotunan baiko suka canza a 'yan shekarun nan? Ka leƙa Instagram za ka ga saurayi ya durƙusa, ya buɗe ɗan ƙaramin akwati, ga zobe da farin dutse yana walƙiya. Iyayenmu ba su san wannan ba. Su abin da suka sani shi ne kuɗin na-gani-ina-so, da goro da alewar baiko, da lefe da sadaki. Sai ka ɗauka ai tsohuwar al'adar Turawa ce muka aro. To su ma Turawan ba su daɗe da ita ba. Gab da Yaƙin Duniya na Biyu, zoben baiko ɗaya cikin goma ne kacal ke ɗauke da lu'ulu'u a Amurka. Kafin ƙarshen ƙarni na 20 ya zama takwas cikin goma.

Abin ba na wasa ba ne, domin zobe ɗaya kan cinye dubban daloli. Duk wanda ya shiga shagon kayan ado a Dubai ko Landan ko Legas zai sha tambayoyi: karat nawa kake so, wane launi, wane matakin tsabta, wane irin yanka, na ƙasa ko na injin? Kowace tambaya a cikinsu tana da tarihinta. Wasu daga ɗakin binciken kimiyya suka fito, wasu kuwa daga ofishin masu talla. In ka iya rarrabe su, ka san inda ya kamata kuɗinka ya tafi.

Ɗan'uwan gawayi

Lu'ulu'u, wanda wasu ke kira daimon, sinadarin kabon ne zalla, wato abin da ya yi gawayi da baƙin da ke cikin fensir. Bambancinsu a tsarin zama yake. A cikin fensir ƙwayoyin kabon shimfiɗe suke falle-falle, suna zamewa a kan juna, shi ya sa yake barin zane a takarda. A cikin lu'ulu'u kuwa kowace ƙwaya ta riƙe wasu huɗu gam, ta kowace kusurwa. Wannan riƙon ne ya sa ya zama na 10, wato na ƙoli, a ma'aunin taurin duwatsu da Friedrich Mohs ya tsara a 1812.

Kabon ba ya zama haka sai ya sha matsi da zafin da ya haura digiri 1,000, a zurfin kilomita 150 zuwa 200 a ƙarƙashin ƙasa. Yawancin waɗanda ake haƙowa sun yi shekaru biliyan 1 zuwa biliyan 3.5 a can, kafin aman wuta ya turo su kusa da doron ƙasa.

Sama da shekaru 2,000, kusan duk lu'ulu'un duniya daga bakin kogunan Indiya ake tsinto shi, musamman wanda ke bi ta kasuwar Golkonda. Sai wajen 1725 aka same shi a Brazil. Abin da ake samu a shekara bai taka kara ya karya ba, don haka sai sarakuna da manyan attajirai. Zoben baikon da aka fi ambato a matsayin na farko mai lu'ulu'u shi ne wanda Yarima Maximilian na Ostiriya ya ba Mary ta Burgundy a 1477. Bayansa an yi shekaru kusan 400 talaka bai ko sa abin a ransa ba.

Ranar da ya daina ƙaranci

Wajen 1867 wani yaro ɗan shekara 15, Erasmus Jacobs, ya tsinci wani dutse mai sheƙi kusa da Kogin Orange a Afirka ta Kudu. Da aka auna sai ga lu'ulu'u mai karat 21.25. A 1871 aka gano wani tudu cike da shi a gonar wasu manoma 'yan'uwa biyu masu suna De Beer. Mahaƙa suka yi musu ca, suka sayar da gonar a kan fam 6,300 suka kama gabansu. A nan garin Kimberley ya kafu. Ramin da aka haƙa a wurin, mafi yawa da diga da shebur, ya ba da kilo 2,722 na lu'ulu'u kafin a rufe shi a 1914.

To ka ga matsala ta taso. Dutsen da darajarsa ta dogara ga ƙarancinsa ya fara fitowa kamar da bakin ƙwarya, farashi yana ta karyewa. Wani Bature ɗan Ingila, Cecil Rhodes, wanda ya fara da ba da hayar injinan zuƙe ruwa daga ramuka, ya gane cewa in ana so farashi ya tsaya, dole hannu ɗaya ya riƙe kayan. Ya yi ta sayen filayen haƙa, a 1888 ya kafa kamfanin De Beers, sannan ya saye babban abokin hamayyarsa Barney Barnato da cak na fam 5,338,650. Lokacin da ya mutu a 1902, kamfanin na riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na lu'ulu'un da ake haƙowa a duniya. Baƙaƙen fatan da ke aikin kuwa kulle su ake yi a sansani har kwantiraginsu ya ƙare, ana caje su tsirara don kada su fita da dutse.

Ernest Oppenheimer, wanda ya karɓi shugabancin kamfanin a 1929, shi ya kammala babakeren. Ya kafa hanyar sayarwa guda ɗaya a Landan. Sau goma a shekara ake gayyato zaɓaɓɓun dillalai, a miƙa wa kowa akwatinsa da farashinsa, ba ciniki. In kasuwa ta yi sanyi sai kamfani ya ɓoye kaya a rumbu har ta farfaɗo.

Yadda aka sayar wa duniya al'ada

Riƙe kaya ba ya amfani in babu masu saye. Karyewar tattalin arzikin duniya da ta fara a 1929 ta durƙusar da kasuwar, har De Beers ya rufe mahaƙansa a 1932. A watan Satumban 1938 ɗan Ernest, Harry Oppenheimer, mai shekara 29, ya je Amurka ya gana da kamfanin talla na N. W. Ayer. Aikin da aka ba su ba irin wanda aka saba ba ne. Ba shago za su tallata ba, ba kuma wani samfuri ba. So ake a cusa wa samari cewa lu'ulu'u shi ne shaidar so, a cusa wa 'yan mata cewa baiko bai cika ba sai da shi. Tun da kusan duk dutsen da za a saya daga hannun De Beers zai fito, ko a wane shago aka saya riba tasu ce.

Suka riƙa ba taurarin fim duwatsu su sa, suna aika wa jaridu labarin girman zoben wance da na wance, har masu lacca suka tura makarantun sakandare su yi wa 'yan mata bayanin zoben baiko. A 1947 wata ma'aikaciyarsu, Frances Gerety, ta rubuta ɗan gajeren taken da ma'anarsa ita ce lu'ulu'u na har abada ne. Ita kanta ba ta taɓa aure ba. A 1999 mujallar Advertising Age ta zaɓi taken a matsayin wanda ya fi kowane a ƙarnin. Cinikin sari na lu'ulu'u a Amurka ya tashi daga dala miliyan 23 a 1939 zuwa dala biliyan 2.1 a 1979.

Japan ce ta fi nuna ƙarfin wannan talla. A 1967, da aka fara kamfen a can, amaren da ke samun zoben lu'ulu'u ba su kai 5 cikin 100 ba. Zuwa 1981 sun kai kusan 60 cikin 100. Ita ma dokar nan da za ka ji ana faɗa, wai sai ka kashe albashin wata kaza, daga wannan ofishi ta fito. Da farko wata ɗaya aka ce, a shekarun 1980 aka mayar da shi biyu, a Japan kuma uku. Babu wani lissafi a bayanta.

Sai dai kada mu ɗora wa talla komai. Wata masaniyar shari'a, Margaret Brinig, ta nuna a 1990 cewa akwai wani dalili. A da, dokar Amurka ta ba mace damar kai ƙarar saurayin da ya yi mata alkawarin aure ya fasa, ta karɓi diyya. Daga 1935 jihohi suka fara soke wannan doka, kuma a daidai lokacin ne buƙatar zoben ta fara hawa, tun kafin tallan ya kankama. Zobe mai tsada ya zama kamar jingina: in ka fasa, ka yi asararsa. Masu talla sun tarar da buƙata a ƙasa, suka nuna mata dutsen da za ta kama.

Ma'aunai huɗu

Har zuwa shekarun 1940 kowane ɗan kasuwa da yadda yake yabon kayansa. Wannan ya ce nasa A ne, wancan ya ce nasa AA, wani ya ce AAA. Robert Shipley, wanda ya kafa cibiyar nazarin duwatsun ado ta Amurka, GIA, a 1931, shi ya tattara abubuwan dubawa zuwa huɗu: nauyi, launi, tsabta da yanka. Ana kiransu 4C domin da harafin C sunayensu suka fara a Ingilishi. A 1953 cibiyar, ƙarƙashin Richard Liddicoat, ta fitar da matakan da ake amfani da su har yau.

De Beers ya rungumi ma'aunan ne don wani dalili nasa. A tsakiyar shekarun 1950 aka gano lu'ulu'u mai ɗimbin yawa a Saibiriya, yawancinsa ƙanana. Kamfanin ya riƙa saye daga Tarayyar Sobiyet don kada ya malale kasuwa, to amma wa zai sayar wa, bayan an shekara ashirin ana cewa girman dutse shi ne girman so? Sai talla ta juya, aka koma cewa inganci ne abin dubawa, ba girma ba. Ma'aunan na gaskiya ne, kimiyya ce a bayansu. Amma ba duka huɗun ido ke gani ba, kuma a nan ne mai saye kan yi asara.

Nauyi. Kada ka haɗa karat na lu'ulu'u da na gwal. In an ce gwal karat 18 ko 21, tsabtarsa ake nufi, wato kashi nawa cikin 24 ne gwal zalla. A lu'ulu'u kuwa nauyi ne. Kalmar ta samo asali daga ƙwayar wata bishiya ta yankin Bahar Rum da 'yan kasuwar da ke awo da ita, Larabawa na ce wa awon ƙiraɗi. A 1907 aka tsayar da karat ɗaya a kan miligiram 200, wato karat biyar ne giram ɗaya. Dutse mai karat ɗaya da aka yanka zagaye faɗinsa kusan milimita 6.5 ne, mai karat 0.90 kuma kusan 6.2. Idonka ba zai raba su a yatsa ba, amma farashi kan yi tsalle da zarar an taɓa karat ɗaya cif, saboda kowa so yake ya ce nasa karat guda ne. Haka kuma mai karat biyu ba ninki biyu ba ne, yakan kai ninki uku ko huɗu, domin manya sun fi wuyar samu.

Launi. Yawancin lu'ulu'u yana da ɗan sirkin rawaya, saboda ƙwayoyin naitirojin da suka maye gurbin kabon nan da can suna shanye shuɗin haske. In boron ne ya shiga sai dutsen ya yi shuɗi, kamar shahararren nan mai suna Hope da ke gidan tarihi a Washington. Matakan GIA 23 ne, daga D, wanda ba shi da launi ko kaɗan, zuwa Z. An fara da D ne don a guje wa ruɗanin A da AA na 'yan kasuwa. Ka san yadda ake tantancewa? Kifa dutsen ake yi a kan farin faranti, ƙarƙashin fitila ta musamman, a jera shi da wasu duwatsun gwaji. Kai kuwa a kan zobe za ka gan shi, fuskarsa a sama. A haka mutum da wuya ya raba D da G ko H, alhali tazarar kuɗinsu babba ce. In ma zoben na jan gwal ne, launin gwal ɗin zai shiga dutsen, farin da ka biya kuɗinsa ya ɓace.

Tsabta. Yayin da dutsen ke girma a ƙarƙashin ƙasa yakan haɗiye 'yan ƙananan ma'adinai, ko ya yi 'yar tsaga. Matakai 11 ake da su, daga FL, marar tabo ko ɗaya, zuwa I3, kuma da madubi mai ƙara girma sau goma ake dubawa. Matakan tsakiya irin VS2, da SI1 da yawa, tabonsu ba ya ganuwa da ido. Daga nan zuwa sama kuɗin abin da sai da madubi za a gani kake biya. Abin sha'awa, wannan tabo da ɗan kasuwa ke ƙi shi masu bincike ke nema ruwa a jallo. Da shi ake gane shekarun dutsen. A 2014 Graham Pearson da abokan aikinsa suka ba da rahoton wani ɗan mummunan lu'ulu'u daga Juína a Brazil, wanda ya ƙunso ma'adinin ringwoodite mai ɗauke da ruwa kusan kashi 1.5 cikin 100 na nauyinsa. Wannan ya zama shaidar cewa akwai ruwa maƙale cikin duwatsu a zurfin kilomita 410 zuwa 660.

Yanka. Wannan shi kaɗai ne aikin hannun mutum, kuma shi ne ke kawo walƙiyar da kake gani daga nesa. Ɗanyen lu'ulu'u kamar fasasshen gilashi yake, ba wani kyau. Sirrin yana ga yadda yake rage wa haske gudu. Haske na tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa a sarari, a gilashi kusan 200,000, a lu'ulu'u kuwa kusan 124,000. Saboda haka hasken da ya shiga ciki ba ya fita da sauƙi. In ya bugi bangon ciki a karkace fiye da digiri 24 da ɗoriya, sai ya dawo gaba ɗaya kamar ya bugi madubi. A hanyar fita kuma ya rarrabu zuwa launukan bakan gizo.

A 1919 wani matashi ɗan gidan masu yanka lu'ulu'u a Antwerp ta Beljiyam, Marcel Tolkowsky, wanda ya karanci injiniyanci a Landan, ya lissafa kusurwoyin da za su sa hasken ya bugi bango biyu na ƙasa ya dawo sama ga idon mai kallo: digiri 40.75 a ƙasa, 34.5 a sama. Yankan zagaye mai fuskoki 57 ko 58 da aka fi saye a yau a kan lissafinsa ya ginu. In dutsen ya cika zurfi, haske ya zurare ta gefe, tsakiyarsa ta yi duhu. In ya cika faɗi, ya zube ta ƙasa.

Me zai sa mai yanka ya kauce wa lissafin da aka sani tun 1919? Ai nauyi. Ɗanyen dutse kan rasa rabin nauyinsa ko fiye wajen yanka. Mai yankan da ya ga in ya bi ƙa'ida zai tashi da karat 0.92, in ya bar ɗan tumbi a ƙasa kuma ya kai 1.00, ka san wanda zai zaɓa. Sai ka biya kuɗin nauyin da ke ɓoye a gindin zobe, dutsen kuma ya dushe. Da yake yanka ya fi wuyar aunawa, sai a 2006 GIA ta fara rubuta matakinsa a takardunta, sama da shekara 50 bayan na launi da tsabta.

Tambayar da ba ta cikin huɗun

Ma'aunan nan ba sa gaya maka inda dutsen ya fito. A yaƙin basasar Saliyo, daga 1991 zuwa 2002, 'yan tawayen RUF da lu'ulu'un yankin Kono suka riƙa sayen makamai, suna datse wa fararen hula hannuwa. Sojojin Najeriya da dama sun rasa rayukansu a can ƙarƙashin rundunar ECOMOG. A 2012 kotu ta musamman ta samu tsohon shugaban Laberiya Charles Taylor da laifin taimaka wa 'yan tawayen, ta yanke masa shekara 50. Irin haka ta faru a Angola. Wannan ya haifar da Tsarin Kimberley a 2003, wanda ya wajabta takardar shaida ga duk ɗanyen lu'ulu'un da zai ƙetare iyaka. Sai dai ma'anar da tsarin ya ba lu'ulu'un yaƙi ta tsaya ga wanda 'yan tawaye ke amfani da shi. Bai shafi cin zalin da jami'an gwamnati ko kamfanoni ke yi ba. Ƙungiyar Global Witness, wadda da ita aka kafa tsarin, ta fice a 2011 bayan abin da ya faru a mahaƙar Marange ta Zimbabwe.

A ɗaya gefen ga Botswana. An gano lu'ulu'u a Orapa a 1967, shekara guda bayan 'yancin kai, lokacin tana cikin ƙasashe mafi talauci a duniya. Gwamnati ta riƙe rabin kamfanin haƙar, Debswana, ta zuba kuɗin a makarantu da asibitoci da hanyoyi. A 2013 aka dawo da cinikin akwatunan nan daga Landan zuwa Gaborone. Don haka tambayar wace ƙasa, wace mahaƙa, tana da amfani, kuma haƙƙinka ne ka yi ta.

Na injin

Tun 1797, da Smithson Tennant ya tabbatar cewa lu'ulu'u kabon ne zalla, masana ke ƙoƙarin haɗa shi. Kamfanin ASEA na Suwidin ya yi nasara a 1953 amma ya yi shiru. A watan Disambar 1954 Tracy Hall na kamfanin General Electric ya haɗa nasa, aka sanar a 1955. Na farkon ƙanana ne kamar yashi, sai dai a yi kayan yanka da na gogewa da su. A yau hanyoyi biyu ake bi. Ko dai a kwaikwayi cikin ƙasa da injin matsi da zafi, ko a sa ɗan falle na lu'ulu'u cikin akwati, a cika shi da haidirojin da iskar gas mai ɗauke da kabon, a zafafa har kabon ya riƙa sauka a kan fallen yana taruwa. Cikin 'yan makonni an samu dutse.

Wannan ba jabu ba ne. Sinadari ɗaya, tauri ɗaya, walƙiya ɗaya, sai da na'ura ta musamman ake raba su. A 2018 hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta cire sharaɗin fitowa daga ƙasa a ma'anar lu'ulu'u. Masu kama da shi daban suke: moissanite da zirconia wasu sinadarai ne, suna da kyau, amma ba lu'ulu'u ba ne, kuma moissanite kan yaudari ɗan abin gwajin nan mai kama da biro da ake dangwala wa dutse a shago.

A 2018 ɗin De Beers da kansa ya buɗe Lightbox yana sayar da na injin a kan dala 800 kowane karat, don ya nuna cewa kayan araha ne. Masana'antun Sin da Indiya suka yi ta fitarwa, farashi ya faɗi ƙasa da haka, har a 2025 kamfanin ya sanar da rufe Lightbox. Yanzu na injin mai karat ɗaya bai kai rubu'in kuɗin na ƙasa ba, kuma binciken da shafin harkar aure na The Knot ya yi a 2024 ya nuna fiye da rabin zobban baiko a Amurka na injin ne. Na ƙasan ma farashinsa ya sauka sosai tun daga 2022, abin da ya jefa Botswana cikin matsin kuɗi. Babakeren da Rhodes ya kafa dama ya riga ya sassauta tun shekarun 1990, da Rasha da Ostireliya da Kanada suka fara sayar da nasu da kansu.

Har abada?

A kimiyyance taken bai cika gaskiya ba. Lavoisier ya ƙona lu'ulu'u da hasken rana da madubi tun 1772. Tauri kuma yana nufin ba ya karcewa, ba wai ba ya fashewa ba. Yana da jijiyar da in an buga daidai kanta sai ya tsage. Da haka Joseph Asscher ya raba Cullinan, ɗanyen dutse mai karat 3,106, a Amsterdam a 1908. Zoben da ya bugi bakin tukunya da ƙarfi yana iya ɓarewa.

A kasuwance kuwa taken ya yi aikinsa, domin abin da aka ce na har abada ne ba a kai shi kasuwa. Ɗan jarida Edward Jay Epstein ya yi bayanin wannan a mujallar The Atlantic a 1982: in da jama'a za su fito da na gidajensu su sayar, da farashi ya rushe. Duk matar da ta taɓa kai sarƙar gwal wurin masu gwal a Kano ta san yadda ake yi. A ɗora a sikeli, a duba farashin giram na ranar, a cire kuɗin aiki, a ba ta kuɗinta. Lu'ulu'u ba shi da irin wannan sikeli. Kowane dutse da nasa farashi, kuma mai shago ba zai saya a hannunka sama da yadda yake samu a sari ba, balle ya mayar maka da ribar da ya ci. Sau da yawa ko rabin kuɗinka ba za ka gani ba. Na injin kuwa kusan babu mai sayen na hannu.

To in za ka saya

Ka yanke abin da za ka iya kashewa tun daga gida, ka manta da zancen albashin wata biyu. Ka ɗauki kuɗin a matsayin na ado. In ajiya kake so amarya ta samu, wadda za ta fitar ranar buƙata, gwal ya fi.

A shago ka fara da yanka, ka nemi matakin ƙoli, wanda ake rubuta Excellent a takardar GIA. Sannan ka sassauta a launi zuwa G ko H, ko ƙasa da haka in zoben jan gwal ne. A tsabta ka tsaya inda idonka bai ga tabo ba. A nauyi ka tsaya ƙasa kaɗan da cikakken lamba. Ka nemi takardar shaida daga cibiya mai zaman kanta, ba wadda shagon ya buga da kansa ba. Yawancin duwatsu masu takarda an zana lambarsu da leza a gefe, ka sa a nuna maka ta madubi, ka kuma duba lambar a shafin cibiyar. A rubuta maka a rasit ko na ƙasa ne ko na injin.

Daga ƙarshe, fitilun shagon kayan ado an tsara su ne don ko gilashi ya yi walƙiya. Ka roƙi a kai dutsen bakin taga, ka jera biyu ko uku, ka dube su cikin hasken rana kafin ka karanta takardunsu. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. In ba ka ga bambanci tsakanin mai tsada da mai sauƙi ba, wadda za ta sa zoben ma ba za ta gani ba.